Tarihin Garin Kuza Mai Sansano Guba

Duk wanda ya san tarihin Jos ya san kuza, wadda Turawan Ingila suka fara haƙa gadan-gadan a farkon ƙarni na 20, bayan maƙeran Ririwai sun daɗe suna narka ta. Baƙin dutsen nan ba tsantsar ƙarfe ba ne. Haɗi ne na ƙarfen kuza da oksijin, kuma irin wannan haɗin, idan aka tace shi, shi ke cikin na'urori da yawa masu yin ƙara idan gas ya tsiyaye a gida.

Labarin ya faro ne a 1835, lokacin da masani Berzelius na ƙasar Suwidin ya raɗa wa wani al'amari suna katalisis: wato wani abu ya hanzarta haɗuwar sinadarai biyu ba tare da shi ya ƙare ba. An daɗe ana kallon katalis kamar dillali, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya koma gefe yadda yake.

A 1954 wasu masana biyu a Holan, Mars da van Krevelen, suka nuna dillalin nan yakan sa hannu a aljihunsa. Katalis mai ɗauke da oksijin yana bayar da nasa oksijin ga abin da ake ƙonawa, ya bar gurbi a fuskarsa, sannan ya cike gurbin daga iska. Su a kan haɗin banadiyam suka yi aiki, amma daga baya aka yi amfani da bayaninsu wajen fahimtar na kuza.

A 1962 Naoyoshi Taguchi na Japan ya nemi rajistar wata dabara, a lokacin da fashewar tukunyar gas ke cin rayuka a ƙasarsa. Idan aka ɗumama garin kuza zuwa wajen digiri 400, oksijin na iska yakan manne a fuskarsa ya riƙe lantarkin da ke ciki, sai wuta ta riƙa wucewa da ƙyar. Da gas ko iskar kabon monoksaid ta iso, sai ta ƙwace wannan oksijin, lantarkin ya kuɓuta, wuta ta wuce, ƙararrawa ta buga. Na'urar ta shiga kasuwa a 1968, kamfaninsa Figaro kuma ya kafu a 1969.

Hukumar NASA ta Amurka ma ta shigo ciki a shekarun 1980. Ta ɗora filatinam a kan garin kuza domin mayar da kabon monoksaid zuwa kabon dayoksaid ba tare da zafi mai yawa ba.

Daga nan hankali ya koma kan girman ƙwayar garin. A 1991 ayarin Noboru Yamazoe na Jami'ar Kyushu ya nuna cewa idan ƙwayar ta ƙanƙance zuwa kusan nanomita 6, ƙarfin sansanonta yakan yi tashin gwauron zabi. Don kwatance, kaurin silin gashi ɗaya ya kai nanomita 50,000 ko fiye. Dalili shi ne, a ƙaramar ƙwaya kusan ko'ina fuska ne, don haka canjin da ya faru a waje ya shafi har cikinta.

Sai dai wannan ƙanƙantar tana da nata rauni. Zafi na tsawon lokaci yana sa ƙwayoyin su manne da juna su girma, fuskar aiki ta ragu. Wasu sinadarai, kamar tururin silikon, suna toshe fuskar. Shi ya sa ake rubuta wa'adi a jikin na'urar: tana iya nuna alamar tana kunne alhali hancinta ya toshe.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ita ce ke kashe iyali a cikin barci idan aka shigar da janareto gida, ko aka kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Wanda ke da hali ya sayi na'urar, ya duba wa'adinta. Wanda ba shi da hali ya bar janareto a waje, nesa da taga. Allah Ya tsare mu.