Ulu da Filis: Tarihin Suturar Maharban Baka a Ƙasashen Sanyi

1.0 Gabatarwa

Maharbin da ke riƙe da bindiga yana iya harbo dabba daga nisan mita 200 ko fiye. Mai baka da kibiya kuwa tilas ne ya kusance ta kamar mita 20 zuwa 30. A irin wannan kusanci, ƙarar gogar hannun riga ko warin zufa ya isa ya kori barewa. Daɗin daɗawa, a arewacin Amurka da Kanada lokacin wannan farauta yakan faɗo ne daga Oktoba zuwa Disamba, inda maharbi zai yi sa'o'i a zaune bisa itace, ba motsi, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Saboda haka sutura a wurinsa tana cikin kayan sana'a, daidai da baka da kwari. Wannan maƙala za ta bi tarihin yadudduka biyu da suka yi takara a jikinsa, watau ulu da filis, don a ga dalilin da ya sa sabon bai kori tsohon ba.

2.0 Kafin Saƙar Ulu

A shekarar 1991 aka tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙarar tsaunukan Alf, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda aka laƙaba wa suna Otzi. Ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce. An same shi da baka mai tsawon mita 1.82 da kwari mai kibau 14, biyu kaɗai daga ciki ne aka gama haɗawa. Rigarsa ta fatun awaki da tumaki ce, takalminsa kuma an cusa masa ciyawa don ɗumi. Babu saƙaƙƙen ulu ko kaɗan a jikinsa, domin tumaki masu ulu ba su bazu a Turai ba sai bayan zamaninsa. Ya kamata a lura cewa tumakin ƙasar Hausa, irin su balami da uda da 'yankasa, gajeren gashi gare su wanda ba a kaɗawa. Ita kanta kalmar ulu aro ce daga Ingilishi.

3.0 Zamanin Ulu

A Amurka ta Arewa cinikin fatu ne ya yaɗa ulu. Kamfanin Hudson's Bay, wanda aka kafa a 1670, ya riƙa kawo barguna daga masaƙun Ingila yana musayarsu da fatun dabbobi. 'Yan asalin ƙasar da Turawa 'yan tarko suka riƙa yanka bargunan nan suna ɗinka doguwar riga mai hula. Daga baya aka sami masaƙu da maɗinka na gida: Woolrich a Fensilbaniya a 1830, da Filson a Siyatil a 1897, wanda ya fara da sayar wa masu neman zinariya a Kulondayik kaya.

A cikin wannan zamani ne farautar baka ta farfaɗo. A 1911 wani mutum mai suna Ishi, na ƙarshe a ƙabilar Yahi, ya fito daga dajin Kalifoniya. Likitansa, Saxton Pope, ya koyi sassaƙa baka da sanɗar dabba a wurinsa, sa'an nan ya wallafa littafi a kan haka a 1923. A 1934 jihar Wiskonsin ta zama ta farko da ta keɓe wa masu baka lokacin farautar barewa. Maharban wannan zamani ulu suka tarar, shi suka riƙe, kuma ya dace da su. Ulu ba ya ƙara idan ya gogi reshe. Yana iya shan danshi har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa kafin a ji ya jiƙe, kuma murɗaɗɗen silinsa yana ci gaba da riƙe iska mai ɗumi. Ba ya saurin kama wuta, ba ya kuma narkewa. Aibinsa uku ne: nauyi, musamman in ya sha ruwa, da jinkirin bushewa, da ƙaiƙayi.

4.0 Bayyanar Filis

Asalin filis zaren foliyesta ne, wanda Whinfield da Dickson suka ƙirƙiro a Ingila a 1941 daga sinadaran da ake samu a man fetur. Tsakanin 1979 da 1981 masaƙar Malden Mills ta Masacusit ta gano yadda za a saƙa shi a kuma taje fuskarsa har ta yi laushi kamar gashin ɗan rago. Kamfanin Patagonia ya tallata shi ga masu hawan tsauni. Mai masaƙar, Aaron Feuerstein, bai yi rajistar mallakar fasahar ba, don haka kowa ya kwaikwaya, kuɗinsa ya faɗi, ya cika kasuwa. Akwai abin lura ga masu nazarin harshe a nan. A Ingilishi ainihin ma'anar kalmar filis ita ce gashin da aka sausayo daga jikin tunkiya. Watau sabon yadin ya ari sunan abin da ya zo maye wa gurbi, har ya kusa ƙwace shi.

Filis ya magance aibobin nan uku gaba ɗaya. Ba shi da nauyi, ruwan da zarensa ke sha bai kai kashi 1 cikin 100 ba, yana bushewa da wuri, ba ya ƙaiƙayi, ga araha. Shi ma ba ya ƙara, ga shi kuma yana karɓar zanen ganye da rassa na ɓad da kama. A shekarun 1990 an yi zaton ulu ya gama yayi.

5.0 Dawowar Ulu

Daji ne ya nuna kasawar filis. Na farko, iska tana ratsa shi, wanda kuwa ke zaune bisa itace ba shi da motsin da zai mayar masa da ɗumin da ya rasa. Da aka liƙa masa shafi mai tare iska, sai wasu irinsa suka fara ƙara a cikin tsananin sanyi. Na biyu, yana kwasar ƙayoyi da 'ya'yan ciyawa. Na uku, tartsatsin wuta yana huda shi, domin foliyesta yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 260 ba. Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, foliyesta yana riƙe maiƙon jiki, warin zufa ya zauna masa, alhali ana iya kwana da kwanaki da rigar ulu ba ta yi wari sosai ba. Barewa kuwa da hanci ta fi tsare kanta.

Ana cikin haka sai masu ulu suka gyara nasu. Tumakin marino, waɗanda asalinsu daga Sifen ne aka kai su Ostareliya a 1797, silin ulunsu siriri ne ƙwarai, ba ya sukar fata. Kamfanoni irin su Smartwool a 1994 da Icebreaker a 1995 suka fara yin safa da rigunan ciki da shi, masu kayan farauta suka bi sahu. Bugu da ƙari, binciken da Mark Browne da abokan aikinsa suka buga a 2011 ya nuna cewa riga ɗaya ta zaren roba tana iya zubar da sili fiye da 1,900 a wanki guda, su bi ruwa zuwa teku. Wannan ya rage wa filis kwarjini, ko da yake tun 1993 ake sarrafa shi daga tsofaffin gorunan roba.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa takarar ta ƙare ne da rabon aiki. Maharbin da zai yi doguwar tafiya a tsauni, yana zufa yana ɗauke da kaya, filis ya fi yi masa amfani saboda rashin nauyi da saurin bushewa. Wanda zai yini a zaune cikin danshi, ko ya kwana a daji kusa da wuta, ulu ya fi rufa masa asiri. Da yawa kuma sukan haɗa: marino a jikin fata, filis a tsakiya, sa'an nan ulu mai kauri ko yadi mai tare iska daga waje. Sabuwar fasaha takan kori tsohuwa ne idan ta biya dukkan buƙatun da tsohuwar ke biya. Filis ya biya buƙatar ɗumi da ta shiru, ya kasa a wajen wari da iska da wuta, waɗannan kuwa ba abin da mai baka zai yi wasa da su ba ne muddin sai ya matso kusa kafin ya saki kibiya.