Shaidar Ido: Me Ya Sa Baƙo Ya Fi Faɗawa Cikin Kuskurenta?

A kotu ko a ofishin 'yan sanda, ba abin da ke saurin ɗaure mutum kamar wani ya nuna shi ya ce "shi ne, na gan shi da idona". Sai dai masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa mai faɗin haka yana iya zama mai gaskiya, ya rantse har ga Allah, amma kuma ya yi kuskure.

A 1974, Elizabeth Loftus da John Palmer a Amurka sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka "bugi juna", wasu kuma lokacin da suka "yi kaca-kaca". Bayan mako ɗaya, 16 cikin 50 na rukuni na biyu suka ce sun ga fasasshen gilashi, na farko kuwa 7 cikin 50. Alhali babu gilashin a fim ɗin. Kalma ɗaya ta mai tambaya ta sauya abin da suke tunawa.

Wanda ya fi shafar 'yan uwanmu mazauna Kudu shi ne batun fuskar baƙo. A 2001, Christian Meissner da John Brigham sun tattara bincike 39 da aka yi da mutum kusan 5,000, suka ga yiwuwar nuna wanda ba shi ba ne tana ninkuwa sau 1.56 idan fuskar ta wani jinsi ce daban. Wani bincike na 1995 a Zimbabwe da Birtaniya ya nuna cewa yawan cuɗanya na iya rage matsalar. Ronald Cotton, baƙar fata a Arewacin Karolina, ya yi sama da shekara 10 a kurkuku saboda wata farar fata ta nuna shi, sai a 1995 gwajin ƙwayar halitta ya wanke shi.

Ni abin bai ba ni mamaki ba. Mu nan Chanchaga, mahaifina yakan duba farare hamsin a kara ya ware nasa ɗaya bayan ɗaya, amma baƙon sana'ar gani yake duk ɗaya ne. Binciken kan launin fata aka yi shi, to amma a ganina wanda bai saba da mu ba a Lokpanta ko Agege, riga da hula da harshe yake riƙewa, ba fuska ba. Balle da dare, a tsorace.

To idan aka kama naka bisa irin wannan nuni fa? Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, sashe na 17, ta tanadi a ɗauki jawabinsa gaban lauya ko jami'in Hukumar Taimakon Shari'a, kuma in ba ya jin Turanci a kawo tafinta ya karanta masa kafin ya sa hannu. Jihohi da dama sun yi tasu irinta. Sai lauya ya tambaya: ƙarfe nawa shaidan ya gan shi, daga wane nisa, akwai haske, ya san shi a da? Shi kaɗai aka fito da shi aka nuna masa, ko an jera shi cikin masu kama da shi? Shugabannin zango su riƙa ajiye lambar lauya tun kafin ranar ta zo.