Tsohuwar Amfilifaya a Hannun Masu Gyaran Kano

Har farkon shekarun 1960, amfilifayar jita da kwalaben lantarki take aiki. Wadda aka ƙera don wutar Amurka mai bolt 120, in aka jona ta da ta Kano mai 230, taransifomarta kan ƙone. Zafi kuma yakan busar da kafasita, gunji ya danne kiɗa.

Da naira ta faɗi a 1986, masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa suka fara durƙushewa, sabon kaya ya yi tsada. Masu gyaran rediyo, daga Sabon Gari har Na'ibawa, suka koma naɗa taransifoma da hannu. Abin da suke fara koya wa yaro shi ne: ko an cire wuta, kafasita na iya kisa.