Haikalin Hindu na Odorkor: tarihinsa, gininsa da bukukuwansa

Duk wanda ya tashi a Nima ko Maamobi a zamanin da gidajen silima ke cika da fina-finan Indiya ya san wannan hoton: jaruma ta shiga wani ɗaki mai tsini, ta kaɗa ƙararrawa, ta kunna fitila a gaban wani mutum-mutumi mai kan giwa. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne akwai irin wannan ɗakin a cikin birnin Accra, a unguwar Odorkor da ke yammacin Kaneshie, kuma mafi yawan masu ibada a cikinsa baƙaƙen fata ne 'yan Ghana. Sunansa Hindu Monastery of Africa, an kafa shi a shekarar 1975.

Yadda addinin ya iso Ghana

Hanyoyi uku ake yawan ambata. Akwai 'yan kasuwar Sindh da suka buɗe kantuna tun zamanin Gold Coast, suka ƙaru bayan raba Indiya da Pakistan a 1947, sai dai su ibadarsu a tsakaninsu suke yi. Akwai fina-finai. Sannan akwai sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 da Ingila ta kai Indiya da Burma a Yaƙin Duniya na Biyu, cikinsu har da Hausawa da yawa, tunda Hausa ce harshen bariki a lokacin. Sun dawo da labarai kan malaman Indiya da ƙarfin asirinsu, har sunan Indiya ya zauna a bakin mutane a matsayin ƙasar sihiri. Barikin Burma Camp na Accra daga wancan yaƙin ya samo sunansa. Masanin addinai Albert Wuaku ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 2013 kan masu bautar Shiva da Krishna a Ghana.

Wanda ya kafa haikalin, Kwesi Essel, an haife shi a 1937 a Senya Beraku da ke gaɓar teku. Littattafan yoga ne suka fara jan hankalinsa, daga baya ya tafi Rishikesh a gindin tsaunukan Himalaya ya zauna a gidan almajiran Sivananda. A 1975 malaminsa Swami Krishnananda Saraswati ya naɗa shi swami, wato wanda ya rabu da duniya don ibada, ya raɗa masa suna Swami Ghanananda Saraswati. Shi ake ɗauka a matsayin swami na farko ɗan asalin Afirka. Ya rasu a watan Janairun 2016, almajiransa suka ci gaba da riƙon haikalin da rassansa na wasu garuruwan Ghana da kuma Togo.

Ginin

Shekarunsa hamsin ne kawai, amma tsarin da ya bi ya haura shekara dubu. Haikalin Hindu na gargajiya yana da ƙaramin ɗaki a ƙurya da ake kira garbhagriha, ma'anarsa ɗakin mahaifa, inda ake ajiye abin bauta. A samansa ake ɗora hasumiya mai tsini, shikhara, wadda ke wakiltar tsaunin da alloli ke zaune. A gaba kuma sai zaure, mandapa, wurin taruwar jama'a. A haikalin Brihadishvara na Thanjavur, wanda sarki Rajaraja na ɗaya ya kammala a wajen shekarar 1010, hasumiyar dutse ce zalla mai tsawon kusan mita 66. Ta Odorkor ba ta kama ƙafarta ba, amma tsininta yana fitowa sama da rufin kwanon unguwar, shi ne alamar da baƙo ke bi. Ana cire takalmi a ƙofa, ana zama a ƙasa, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya saba da masallaci ba.

Daga nan kuma bambancin ya fara. A kan dandamali akwai siffofin alloli da aka yi wa sutura da furanni, waɗanda mabiya ke kira murti. Musulmi zai ce gumaka ne. Mabiyan su kuma cewa suke yi Ubangiji ɗaya ne, siffofin ƙofofi ne na kaiwa gare shi. Wannan saɓani ne na gaske, kuma ba ladabin maƙwabtaka ne zai shafe shi ba.

Hikayoyi da bukukuwa

Shiva ne ke da babban matsayi a wannan haikali. Hikayarsu ta ce da alloli da aljanu suka kaɗa teku suna neman ruwan dawwama, guba ce ta fara fitowa, mai iya halaka duniya. Shiva ya shanye ta ya riƙe a maƙogwaro, shi ya sa ake zana wuyansa shuɗi. Babban darensa, Maha Shivaratri, yana faɗowa a Fabrairu ko Maris: ana azumi, ana kwana ido biyu ana waƙoƙin yabo, ana zuba ruwa da madara a kan dutsen lingam da ke wakiltarsa.

Mai kan giwar kuwa ɗansa ne, Ganesha. An ce mahaifiyarsa Parvati ta sa shi gadin ƙofa, ya hana Shiva shiga, Shiva ya fille masa kai cikin fushi, sannan ya maye gurbinsa da kan giwa. Shi ake roƙo kafin fara kasuwanci ko tafiya. Bikinsa, Ganesh Chaturthi, yana zuwa a Agusta ko Satumba, kuma a Accra ana rufe shi da kai siffarsa bakin teku a nitsar da ita, da ganguna da rawa irin ta Ghana. Diwali, bikin fitilu na Oktoba ko Nuwamba, tunawa ne da dawowar Rama garin Ayodhya bayan gudun hijira na shekara 14. Ranakun suna motsawa kowace shekara saboda lissafin wata ake bi, amma ana ƙara wata guda lokaci-lokaci, don haka ba sa zagaya damina da rani kamar azumin Ramadan.

Ba Odorkor kaɗai ba ne. 'Yan Hare Krishna suna da nasu haikalin a Medie, kan hanyar Nsawam, kuma su ne ke jan keken Ratha Yatra a titi.

A ƙidayar 2021 Kiristoci sun kai kashi 71 cikin ɗari na al'ummar Ghana, Musulmi kusan kashi 20, 'yan Hindu kuwa ko kashi ɗaya ba su kai ba. Ɗan Ghana da ya shiga addinin yakan bar cin nama, musamman na shanu, abin da ke da nauyi a gidan da ake taron suna da na jana'iza da tukunya ɗaya. Mutanen zango, waɗanda su ma suka daɗe ana yi musu kallon baƙi a kudancin ƙasar, sukan haɗu da su ne a kasuwar Kaneshie ko a cikin trotro, ba tare da sun san ko su waye ba.