Labarin Jiragen Doha da Marsoshin Bakin Bahar, da Abin da Ya Sami Masu Nutso

Wannan labarin jiragen garin Doha ne, da wuraren da suke kwana a bakin bahar, an rubuta shi domin gidajen mutanen yamma da hanyar hajji ko neman abinci ta zaunar da su a ƙasashen Larabawa. Shekarun da ke ciki na lissafin Nasara ne.

Ku sani, mutanen Hausa ba baƙin jirgin sambuk ba ne. Kakanni sun yi tafiyar shekaru a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, har Sawakin, kana su shiga sambuk su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Waɗanda ba su da takarda sukan shiga da dare a wata marsa ɓoyayya, a sauke su wajen Ƙunfuda ko Lis. Waɗansunsu suka faɗa hannun azzalumai, aka sayar da su, alhali kuwa 'ya'ya ne, Musulmi, masu niyyar Ɗakin Allah. Irin wannan jirgi shi ne ya ci da Ƙatar kafin man fetur.

Ƙasar Ƙatar tsiri ce da ta kutsa cikin Bahar Farisa, ruwa ya kewaye ta ta fuska uku. Noma kaɗan ne, ruwan sha sai rijiya. Saboda haka garuruwanta duk suka jeru a bakin bahar, kowane da marsarsa, wato inda jirgi ke tsayawa. Wanda ya taso daga Baharaina, ya fara ganin Zubara, wadda ta yi albarka da fatauci tun wajen 1766, aka ƙone ta a 1811. Sa'an nan ya kewaya ta Ruwais a kan tsirin, ya gangaro Fuwairiɗ, da Khor, da Lusail inda kabarin Shaihu Jasim ɗan Muhammadu yake, wanda ya rasu a 1913. Kana Doha, kana Wakra a kudancinta. Ruwan wannan gaɓa ba shi da zurfi, ga duwatsu a ɓoye, shi ya sa matuƙa ba su son tafiyar dare. Idan iskar arewa, wadda suke kira shamal, ta taso, sai jirgi ya fake a marsa mafi kusa har ta kwanta. Manyan jiragen hayaƙi ba su saba tsayawa a Doha ba a wancan zamani. Shinkafa da sukari da tufafi sai a sauke su a Baharaina ko Linga, ƙananan jirage su kawo. Katakon gina jirgin kansa daga Malabar ta ƙasar Hindu ake kawo shi.

Wani Bature ma'aikacin gwamnatin Ingila a Hindu, sunansa Lorimer, ya ƙidaya jiragen a littafinsa na 1908. Ya sami jiragen lu'ulu'u 817 a Ƙatar, 350 daga cikinsu na Doha ne, mazan da ke cikinsu sun kusa 13,000. Mutanen ƙasar duka kuwa kamar 27,000 ne. Wato idan lokacin nutso ya yi, gari sai mata da yara da tsofaffi.

Ga yadda aikin yake. Babban nutso wata huɗu ne, a tsakiyar zafi, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Shugaban jirgi shi ne nokhaza. Mai nutso sunansa gais, mai jan igiya sunansa saib, akwai kuma nahham, mai waƙa domin ƙarfafa masu jan filafilai da matuƙi. Mai nutso ya matse hancinsa da wani ɗan maƙali, ya rataya kwando a wuya, ya sa ƙafa a igiya mai dutse, dutsen ya kai shi ƙasa. Ya tsinci kawa kamar minti ɗaya, sa'an nan ya girgiza igiya, saib ya jawo shi. Ransa yana hannun Allah, kana yana hannun mai igiya. Haka za ya yi ta yi tun hantsi har faɗuwar rana, da ɗan dabino da gahawa a cikinsa, sai da dare a ci shinkafa da kifi. Da asuba a buɗe kawa a gaban nokhaza. Attajirin lu'ulu'u, wanda ake kira ɗawwash, yana bin jirage da nasa jirgin yana saye, daga nan kaya su tafi Baharaina, su tafi Bombai, su kai har Faransa. Ciwon ido da na kunne da na ƙirji su ne rabon masu nutso.

Amma abin da ya fi gishirin bahar ɗaci shi ne bashi. Kafin a tashi, nokhaza ya ba mai nutso kuɗi ya bar wa iyali, da sanyi ma ya ƙara masa. Duk a rubuce a littafin nokhaza, mai nutso kuwa galibi bai iya karatu ba. Idan shekara ba ta yi kyau ba, bashi ya hau bashi, ba shi da ikon komawa wani jirgi sai an biya. Idan ya mutu, ɗansa ko ƙanensa ya gaji igiyar. Da yawa daga masu nutso baƙar fata ne, mafi yawansu an kawo su daga gabashin Afirka ta hanyar Zanzibar, waɗansu bayi, waɗansu 'yantattu. Bawa kuwa rabonsa na ubangidansa ne. Waɗansu sukan gudu cikin jirgi zuwa Baharaina, su karɓi takardar 'yanci a wurin wakilin Ingila.

A shekarar 1925, wato 1344 ta Hijira, wata guguwa ta faɗa wa jirage da dare a ƙarshen lokacin nutso. Jirage masu yawa suka kife, mutane masu yawa suka halaka, har yau mutanen Bahar Farisa suna kiranta shekarar nutsewa. Allah ya jiƙansu. Bayan wannan sai lu'ulu'un kiwo na Japan ya cika kasuwa da araha, kana kasuwannin duniya suka karye a 1929. Attajirai suka tsiyace, jirage suka ruɓe a bakin gaɓa, gidaje da yawa suka yi ƙaura saboda yunwa. Sa'an nan Allah ya buɗe wata ƙofa: aka sami man fetur a Dukhan a 1939, aka fara fitar da shi a ƙarshen 1949. A 1952 Shaihu Ali ɗan Abdullahi ya hana bauta a ƙasar. Ƙatar ta sami mulkin kai a 1971.

Marsoshin kuwa sun sāke kama. Manyan jiragen kaya sun koma tashar Hamad a kudu, wadda aka buɗe a 2017. Tsohuwar tashar Doha aka gyara ta ta zama wurin jiragen baƙi da na shaƙatawa. An gina tsibiri an sa masa sunan lu'ulu'u, inda masu hali ke ɗaure jiragensu su kwana. Jiragen katako na nan a gaban gari, amma 'yan yawon buɗe ido suke ɗauka. Gidan Bin Jalmud a unguwar Mushairib, wanda a dā gidan mai fataucin bayi ne, tun 2015 ya zama gidan tarihin bauta. Ya kamata uba ya kai 'ya'yansa su gani da idonsu.

Abin lura a nan shi ne, igiyar bashi ba ta nutse tare da jiragen ba. Samari da yawa daga ƙasashen yamma suna cin bashi su biya dillali domin a kawo su aiki, su iso da wuyansu a ɗaure. A 2020 hukumar Ƙatar ta yi doka cewa ma'aikaci na iya sāke wurin aiki ba sai da yardar mai gidansa ba, ta kuma yanka mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 a wata. Amma doka ba ta amfanin wanda bai san ta ba. Saboda haka wanda ya riga zama, ya karanta wa baƙo takarda kafin ya sa hannu. Mai bin bashi ya rubuta da shaidu, ya bar wa wanda ake bi nasa kwafi. Mai ɗaukar ma'aikaci ya biya shi a kan lokaci. Wanda ya riga ka kwana, ya riga ka tashi: mazaunin gari shi ne mai riƙe da igiyar baƙo, kada ya sake ta.

Allah ya jiƙan waɗanda bahar ta ci, da alhazan da suka kwanta a hanya. Allah ya raba mu da bashi da zalunci, ya sa mu cika da imani. Amin.