Ramin Fulogi da Tarihin Kanikanci a Illela

Tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su kakkafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, su raba mu da Birnin Konni, maƙeran wannan yanki suna ƙera kwasa da galma da linzamin doki, suna kuma gyara wanda ya karye. Da mota ta fara biyo hanyar Sakkwato ta Kware da Gwadabawa zuwa bakin iyaka, wannan ɗabi'a ta ƙin zubar da ƙarfe ce ta koma gareji. Ni da na shiga sana'ar ina yaro a farkon shekarun 1980, ina ganin babu aikin da ke nuna hawa da saukar kanikancin garinmu kamar gyaran ramin fulogi idan zarensa ya cinye.

Ramin ƙarami ne. A yawancin motocin fetur faɗinsa milimita 14 ne, a babura kuwa 10 ko 12. A cikinsa akwai zaren da fulogi ke bi ya ɗauru a kan inji, wanda muke kira tof silinda. Muddin zaren nan ya tafi, fulogi ba zai riƙe ba. Inji ya dinga huci, ƙarfinsa ya ragu, wata rana ma matsin da ke cikin silinda ya tofo fulogin waje da ƙara kamar an harba bindiga.

Manyanmu sun ce a zamanin tsofaffin Bedford da Land Rover ba kasafai ake ganin wannan matsala ba, domin kan injinsu zubin baƙin ƙarfe ne, mai jure wulakanci. Peugeot ce ta canza lissafi. Bayan kamfanin da ke Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, sai 404 da 504 suka cika hanyar Illela, a-kori-kura na ɗauko hatsi da albasa, wagon na jigilar 'yan kasuwar Lahadi. A Nijar ma, ƙasar da Faransa ta yi wa mulki, Peugeot ce sarauniyar hanya, don haka daga Tawa da Madawa da Konni duk irin inji ɗaya ke shigo mana. Kan wannan inji na alminiyam ne. Ba shi da nauyi, yana saurin fitar da zafi, amma ya fi ƙarfen fulogi taushi ƙwarai, kuma idan ya yi zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke yi. Ga shi fulogin Peugeot can cikin rami mai zurfi yake zaune, ido ba ya ganin yadda ya kama.

Abubuwa huɗu ne ke cinye zare, kuma duk huɗun suna da gida a Illela. Na farko gaggawa: direba ya cika mota ranar kasuwa, fasinja na ƙorafi, sai a kwance fulogi inji na tafasa. Na biyu shigar da shi a karkace. Na uku ɗaurin ƙarfi, yaro ya sa bututu a kan sifana yana ganin ƙwazo yake yi. Na huɗu ƙura da baƙin hayaƙi. Man bumburutu idan an gauraya shi yana sa fulogi ya yi baƙi da wuri, sai a yi ta kwancewa ana gogewa ana mayarwa, kowane zuwa rairayin hunturu na faɗawa ramin yana cin zaren sannu a hankali.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, jikan maƙera ne, kuma dokarsa ta farko ita ce: "Yaro, da yatsa ake fara ɗaura fulogi. In bai shiga da yatsa ba, sifana ɓarna za ta yi." Idan zare ya ɗan taɓu ne kawai, yakan ɗauki tsohon fulogi ya tsattsaga zarensa a tsaye da zarto, ya shafa giris, ya murza shi a hankali yana shiga yana dawowa har hanyar ta miƙe. Idan kuwa ya cinye gaba ɗaya, sai a sauke kan inji, a naɗe shi a buhu, a ba direban da zai tafi Sakkwato, tafiyar kilomita tamanin da 'yan kai. Can masu injin sassaƙa ƙarfe za su faɗaɗa ramin, su yanka sabon zare, su sassaƙo bushin na tagulla ko na ƙarfe mai zare ciki da waje, su ɗaure shi. Mota takan kwana biyu ko uku a kan dutse, ga kuɗin sabon gasket, amma kan inji ya tsira.

Wannan bushin ɗan'uwa ne ga wata dabara da aka ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1930 saboda injinan jiragen sama, waɗanda su ma fuloginsu cikin alminiyam yake zama. Waya ce ta ƙarfe marar tsatsa, a naɗe, wadda ake murzawa cikin ramin da aka faɗaɗa ta zama sabon zare. Da sunan Heli-Coil duniya ta san ta. Da irin waɗannan kayan suka fara iso mana daga Ƙofar Ruwa ta Kano, sai muka koyi yin aikin ba tare da sauke kan inji ba. Ana jira inji ya huce sarai. A juya shi har bawul su rufe, fistin ya yi ƙasa don kada taf, wato ƙarfen yanka zare, ya taɓa shi. A cika ramukan taf da giris domin ɓarɓashin alminiyam ya manne a jiki. A yi rabin juyi a dawo, a fito da shi a goge, a sake shafawa. Taf ɗin dole ya tsaya cak a kan layin ramin, domin idan ya karkace ko kaɗan, wajen zaman fulogi ba zai toshe iska ba. A ƙarshe a hura ramin, a juya inji ba fulogi don ya fitar da saura. Tsawon bushin kuma sai ya yi daidai da na zaren fulogi, domin wanda ya leƙa cikin silinda yana yin ja ya kunna mai kafin lokaci, ya huda fistin.

Shekarar 1986 ta zo da tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida, naira ta faɗi, sabuwar Peugeot ta fi ƙarfin talaka. Sai motocin Kwatano suka ɓalle, suna biyowa ta Malanville da Gaya da Dosso har Konni. Golf da Toyota suka karɓe hanya, tare da su kuma tsofaffin kayan gyara na Beljiyam. A nan ne na ga sana'ar ta fara canza hali. Da kan inji na hannu ya yi araha, sai masu mota suka daina tambayar gyara, suka koma cewa a canza. Yaran da suka shigo gareji a wannan lokaci da yawansu sun ƙware a kwancewa da ɗaurawa, amma ba su taɓa riƙe taf ba. Wasu suka koma naɗa wa fulogi waya ko cusa masa gam, abin da ba ya kai mota Gwadabawa.

Ƙananan injuna ne suka hana ilimin mutuwa. Baburan kabu-kabu, janareta, da injinan ban ruwan manoman albasa na fadamun Kalmalo, duk kansu alminiyam ne, kuma masu su ke kwance fulogi da kansu a gona ko a bakin hanya. Manomin da injinsa ya tsaya ana tsakar rani ba zai iya jiran kaya daga Kano ba, domin kwana kaɗan na ƙishi ya isa ya taɓa amfanin shekara. Na sa wa irin waɗannan injuna bushin fiye da yadda na sa wa motoci, kuma babu aikin da na fi jin albarkarsa kamar su.

Daga nan sai aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, naira kuma ta ƙara faɗuwa. Kan injin da a da ake saya ba ciniki ya zama abin da direba zai yi watanni yana tara wa kuɗi. Masu mota suka dawo suna neman wanda ya iya gyara, sai aka tarar mun rage kaɗan, yawancinmu kuma furfura ta kama mu.

Yanzu an ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela zuwa Badagry, motoci za su ƙaru, sababbin injuna kuma fuloginsu ya fi na da siranta da zurfin rami. Roƙona ga iyayen gida na gareji shi ne kada a yaye yaro sai ya yanka zare da hannunsa a kan mataccen kan inji har ya iya. Ƙungiyarmu ta makanikai kuma ta haɗa kuɗi ta sayi taf da bushin na kowane awo, a ajiye inda kowa zai ara. Iyaka ba a hannunmu take ba, farashin naira ma haka, amma koyar da yaranmu gyara a hannunmu yake.