Kula da Ƙafa ga Masu Ciwon Suga

Ciwon suga idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ƙafa, har mutum ya taka ƙusa bai ji ba. Ta haka ƙaramin rauni ke zama gyambo, wani lokaci har a yanke ƙafar. Don haka muna kira ga masu wannan larura a Kaduna da su riƙa duba ƙafafunsu kullum, su tsane tsakanin yatsu bayan alwala, su shafa mai a dunduniya lokacin hunturu saboda faso. A guji tafiya babu takalmi, da miƙa ƙafa ga masu yankan farce na bakin titi. Wanda ya ga rauni ko kumburi, ya garzaya Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko Babban Asibitin Kawo tun a ranar.